Yara sun yi gum a aji, uba ya kawo ƙara, Baba Katikis ya yi faɗa: amsa ga wata malama a Katsina

Anti, salama. Ni malama ce a wata sakandaren mishan a cikin garin Katsina. 'Yar Katolika ce ni, daga wani ƙauye a kudancin jihar nan. An ɗauke ni ne in koyar da CRS, wato darasin addinin Kirista, a SS1 da SS2, kuma ranar Juma'a idan yara Musulmi sun tafi masallaci ni nake zama da 'yan Katolika mu yi katikisim, wato koyon tushen bangaskiyar cocinmu. Bana sai shugabar makaranta ta ƙara mini ƙungiyar muhawara da koyon jawabi, wadda kowa yake ciki, Musulmi da Kirista.

Damuwata ita ce yaran nan ba sa magana. Idan an tashi tara surutunsu har titi, amma da na ce wani ya miƙe ya yi bayani sai kowa ya sunkuyar da kai. Darasin addini ya zama ni kaɗai nake ta zuba, su suna kwafa, har ni kaina na fara gundura da muryata. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari da na matsa wa ta fito gaban aji. Takarda na rawa a hannunta, ta karanta layi biyu ta fashe da kuka, yara suka kwashe da dariya. Tun ranar ba ta sake zuwa ƙungiyar ba.

Sai na yi dabarar haɗa ayyukan. Na rubuta sunayen waliyyan coci a 'yan takardu, na ce kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki ɗaya ya shirya jawabi a kai. Ba a jima ba mahaifin wata ɗaliba Musulma ya zo ofis ransa a ɓace, yana cewa boko ya kawo 'yarsa, ba Kiristanci ba. Shugaba ta ba shi haƙuri, ni kuma ta ce in tsaya kan manhaja kawai. Allah ya sani ban yi da wata manufa ba.

A ɗaya gefen kuma na fara barin yaran katikisim su yi tambaya. Wani yaro ya ce abokinsa ɗan ECWA ya tambaye shi me ya sa muke furta zunubi ga Fada, me ya sa kuma muke roƙon Maryamu, ya rasa abin cewa. Maganar ta kai kunnen Baba Katikis, mai taimaka wa Fada wajen koyar da addini a cocinmu, mutumin da nake gani kamar uba. Ya kira ni ya ce ina koya wa yara musu da tsaurin ido. Yanzu tsoro nake ji ta ko'ina. In ajiye ƙungiyar ne, in koma karanta musu littafi yadda kowa ke yi?

Malama, daga Katsina

Malama ƙanwata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a. Kada ki ajiye ƙungiyar yanzu, kada kuma ki koma karanta wa yara littafi suna kwafa. Malamin da bai damu da ɗalibansa ba ba ya lura da takarda na rawa a hannun yarinya. Ke kin lura, har abin yana hana ki sukuni, kuma wannan ya isa ya nuna mini aikin nan naki ne. Abin da ya faru shi ne an ɗora miki ayyuka uku masu kama da juna, suka cakuɗe ta inda bai kamata ba.

Darasin CRS na dukan yara Kirista ne, ɗan Katolika da ɗan ECWA da ɗan Baftis da ɗan Angalikan, kuma abin da WAEC da NECO suke tambaya a kai Littafi Mai Tsarki ne, ba koyarwar wata ɗarika ba. Katikisim na ranar Juma'a na 'yan Katolika ne kaɗai. Can ne wurin sakramenti bakwai, da Rosari, da tarihin waliyyai, da bayanin yadda aka yi muke da littattafai 73 a Littafi Mai Tsarki inda 'yan'uwanmu irin su ECWA da Baftis suke da 66. Ƙungiyar muhawara kuwa ta kowa ce, kuma iyayen da suka bar 'ya'yansu a ciki sun bar su ne don su iya tsayuwa gaban mutane. Dabarun magana ki kwashe su ki kai ajin addini iya son ranki, can ma suka fi amfani. Amma darasin addini kada ya taka ƙafa cikin ƙungiyar muhawara.

Mu fara da mahaifin nan, domin tasa maganar ce ta fi gaggawa. Na yarda da ke ba ki yi da wata manufa ba. Sai dai shi bai ga zuciyarki ba, takarda ya gani. 'Yarsa ta dawo gida da sunan wani waliyyin coci tana haddace tarihinsa, ba wanda ya sanar da shi. Da a ce 'yar wata uwa ce daga Zumuntar Mata aka ba wa aikin Islamiyya a makarantar da aka kai ta boko, da ita ma ta ɗaura ɗankwali ta nufi ofis, kuma da ke da ni mun goya mata baya. Gaskiya tana wajensa, doka ma haka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta ya ɗauki darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan sashen kuma shi ne ya kare katikisim ɗinki na Juma'a, domin ya ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita ke ɗauke da ita ba.

Cocinmu ma ba ta tsaya a wani wuri daban ba. A 1965 Babban Taron Vatikan na Biyu ya bayyana cewa iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu, cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini, kuma cewa Coci na kallon Musulmi da girmamawa, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya Mahalicci, masu riƙo da salla da sadaka da azumi, masu girmama Maryamu. Idan kika ba mutumin nan haƙuri ba ki rage komai daga bangaskiyarki ba, koyarwarta kika bi.

Haƙurin da shugaba ta ba shi na ofis ne, naki daban yake, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ki nemi izinin shugaba tukuna. Sannan ki roƙi wani dattijon malami Musulmi daga cikin abokan aikinki ya raka ki, ya kuma aika tun da wuri a sanar da zuwanku, kada ku faɗo wa mutum gida ba zato. Bayan la'asar ya fi. Ki yafa mayafi, ki gaishe shi yadda ake gaida uba, ki tambayi iyali, ki bari a gama gaisuwa tsaf kafin ki shiga magana. Maganar kuma gajeriya: Alhaji, na zo ba da haƙuri ne, aikin da na ba yarinya bai dace ba, na janye shi, kuma ba zai sake faruwa ba. Sai ki miƙa masa takarda mai jerin batutuwan da ƙungiya za ta yi a wannan zangon, ya gani da idonsa. Kada ki tsaya dogon bayanin niyyarki, don a kunnen wanda ransa ya ɓaci dogon bayani kare kai ne. Idan hali ya yi ki shiga ciki ki gaida uwar yarinyar, ki faɗa mata wani abu na gaskiya mai kyau game da 'yarta. In ya ce ba sai kin zo gida ba, ku haɗu a makaranta a gaban shugaba. In ma ya ce ya cire ta daga ƙungiyar, ki ce to, kada ki ja, kuma kada fuskarki ta canza wa yarinyar ko kaɗan. Ita ba ta yi laifin komai ba, kuma wataƙila ta fi kowa jin nauyin abin.

Tsoron da kike ji kuwa ba zan ce miki na banza ba ne. Duk mai koyarwa a Arewa yana tune da abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe wata ɗalibar kwalejin ilimi bisa zargin wata magana da aka ce ta yi a dandalin WhatsApp na 'yan ajinsu. Matasa bakinsu yana riga tunaninsu, kuma a muhawara kowa so yake ya kayar da abokin karawarsa. Don haka ki kafa wa ƙungiyar ƙa'ida a rubuce, shugaba ta sa hannu, a karanta wa yara: ba a muhawara kan addini, ba a kwatanta wannan da wancan, ba a kafa hujja da annabi ko littafin addini, ba a ɗaukar murya ko bidiyon kowa a yaɗa. Ki kuma roƙi a haɗa ki da malami Musulmi, ko na Hausa ko na Turanci, ku riƙe ƙungiyar tare. Wannan kariya ce gare ki, kwanciyar hankali ce ga iyaye, kuma yara za su amfana da ganin ku biyun kuna aiki kafaɗa da kafaɗa.

Batutuwa ba za su ƙare miki ba. Ko ya kamata a bar ɗalibai su zo makaranta da waya. Ko sana'ar hannu ta fi aikin ofis. Matsalar ruwan sha a unguwarmu. Me ya sa kuɗin Keke Napep ya tashi. Yaro ya kwatanta yadda kakarsa ke dama fura, wata ta ba da labarin rijiyar Kusugu ta Daura yadda aka ba ta a gida, wani ya faɗi abin da ya sani kan hasumiyar Gobarau ko ƙofofin gari, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da sauransu. Yaro yana iya magana kan abin da ya fi malaminsa sani.

Yanzu shirun da ya dame ki. Kirarin garin da kike zaune ma ya faɗa, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Yaron da ya tashi a nan an koya masa tun yana ƙarami kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya, kada ya sa baki idan manya na magana, kuma wa yarinya an fi tsananta wannan. Ba a gidan Musulmi kaɗai ba, ke ma haka aka rene ki a ƙauyenku. Sai ya zo makaranta a ce ya miƙe shi kaɗai, ya kalli mutane, ya ɗaga murya, kuma da Turanci. Duk abin da aka hana shi a gida aka haɗa masa wuri ɗaya, ga kuma fargabar ya kwaɓa Turanci a yi ta tsokanarsa da shi har ƙarshen zango. Idan ya sunkuyar da kai tarbiyyarsa ce ke aiki. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Abin da za ki nuna masa shi ne ana iya magana a bainar jama'a cikin ladabi, kamar yadda yake ganin liman da Fada da mai unguwa suna yi.

Ki rage nauyin, ki riƙa ɗora shi kaɗan-kaɗan. Makon farko kada kowa ya miƙe. Su zauna biyu-biyu, kowa ya gaya wa na kusa da shi wani abu na minti ɗaya, da Hausa, duk aji a lokaci guda, yadda hayaniyar za ta rufa wa kowa asiri. Daga nan su koma huɗu-huɗu. Sannan mutum ya miƙe a wurin zamansa, hannunsa a kan benci, ya maimaita abin da abokinsa ya gaya masa, domin faɗin maganar wani ta fi faɗin taka sauƙi. Fitowa gaban allo sai daga baya, kuma da farko su fito su biyu. Turanci ma haka za ki shigo da shi: su fara tsara tunaninsu da Hausa, su faɗe shi da Hausa, sannan su mayar. Mafi yawan yaran da ake cewa ba su iya magana ba, Turanci ne ya tsare su, ba tunani ba. Wanda ba zai iya kallon fuskoki ba ya kalli bangon baya, daidai saman kawunan 'yan layin ƙarshe. Kafin ya buɗe baki ya ja numfashi a hankali ya sauke. Jawabin kuma ya kasance magana ɗaya tak, da labari ɗaya da zai tallafe ta, da jimlar rufewa da ya haddace, saboda yawancinsu abin da ke firgita su shi ne ba su san yadda za su sauka ba.

Dariya kuwa ita za ki fi tsanantawa a kai. Ki gaya musu ƙarara cewa duk wanda ya yi wa mai magana dariya ya saɓa dokar ƙungiya, ki kuma cika abin da kika faɗa tun karon farko. Bayan kowane jawabi 'yan aji su faɗi abu biyu da suka yi kyau, ke kuma ki faɗi abu ɗaya da za a gyara. Gyaran nahawu ki rubuta a 'yar takarda ki ba shi a hannu, kada ki katse shi a tsakiyar magana.

Yarinyar da ta yi kuka ki neme ta ita kaɗai, ba a ɗakin malamai ba inda kunnuwa suka yi yawa. Ki ce mata kin matsa mata kafin lokaci ya yi, kuma dariyar da aka yi mata ba daidai ba ce. Kada ki roƙe ta ta dawo ta yi jawabi. Ki ba ta wani aiki da ba ya bukatar tsayuwa, ta riƙe agogo ta riƙa ɗaga hannu idan minti ya cika, ko ta rubuta sunayen masu magana. Mai riƙe agogo dole wata rana ta ce lokaci ya yi, kuma wannan ma magana ce a gaban mutane. Daga nan za ta ɗora da kanta.

Kin ce kin fara gundura da muryarki a darasin addini. Wajen shekara ta 400 wani dikin, wato mai hidima a coci a ƙarƙashin Fada, a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya aika wa Waliyyi Agustin irin wannan kukan: yana koyar da masu shirin shiga bangaskiya, amma maganarsa ta zama salam har shi kansa ba ya jin daɗinta. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yanzu take Aljeriya, kuma kafin ya zama bishop na Hippo sana'arsa koyar da fasahar magana ce, a Kartaj da Roma da Milan. Wato aikinki biyun nan duk ya riƙe su. Agustin ya amsa wa dikin ɗin da ɗan littafi guda, kuma shawarwarinsa kamar ajinki ya leƙa. Ya ce idan mai sauraro ya yi shiru, wataƙila nauyi ne ya hana shi, sai a lallashe shi, a yi masa tambaya a ji ko ya gane, a ba shi ƙarfin gwiwar faɗin abin da bai gamsu da shi ba. Idan ya fara hamma a canza salo, a kawo abin da zai farfaɗo da shi, ko a ba shi wurin zama. Game da gajiya da maimaita abu ɗaya kuwa, ya ce ka tuna yadda kake wuce wuri mai kyau a garinku kullum ba ka ko ɗaga kai, amma ranar da ka kai baƙo ya gani sai sha'awarsa ta sabunta taka. Ke ma kin san haka idan kin taɓa kai baƙuwa ganin Gobarau. Labarin ɗan da ya ɓace ya dawo gida ya tsufa a kunnenki, amma akwai yaro a ajinki da mahaifinsa ya yi fushi da shi jiya, wanda yau ne zai fara jin labarin da gaske.

Don haka ki rage naki bakin a ajin addini, ki ƙara nasu. Fafaroma Francis ya ce a 2024 wa'azin Fada a Mas, wato babbar ibadar Katolika, kada ya wuce minti takwas, don bayan haka hankalin mutane ya tafi. Idan manya a coci haka suke, ina ga ɗan shekara 15 da rana tsaka a watan Afrilu? Ki yi bayani gajere, sannan ki raba musu nassin, misali labarin ɗan da ya ɓace. Wannan ya karanta da ƙarfi, wancan ya ba da labarin da bakinsa kamar yana ba ƙanensa, wata ta tsaya a matsayin babban wan nan da ya ƙi shiga gidan biki ta faɗi dalilinsa, wani ya amsa mata a matsayin uban. Karanta nassi da ƙarfi shi ne matakin farko na jawabi, kuma yaran Katolika suna da inda za su yi amfani da shi, don ana bukatar masu karatu a Mas kowace Lahadi. Idan shugaba ta tambaye ki ina manhaja, ki nuna mata cewa tambayoyin CRS na rubutu mafi yawansu cewa suke a ba da labarin abin da ya faru sannan a fitar da darussa. Yaron da ya ba da labarin da bakinsa ya riga ya yi rabin amsar.

Ki fara da Musa a Fitowa sura 4, inda ya gaya wa Allah shi ba mai iya magana ba ne, harshensa da nauyi, da Irmiya a sura ta 1 da ya ce shi yaro ne bai iya magana ba. Yara masu kunya suna jin waɗannan a jikinsu. Ɗalibanki Musulmi suna da addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a kwance masa ƙullin harshensa, amma wannan malaminsu na addini ne zai koya musu, ba ke ba. 'Yan takardun waliyyan nan kuma kada ki zubar, ki mayar da su ranar Juma'a inda suka dace. Ki zaɓi waɗanda suka yi kusa da shekarun yaran, irin su Kizito, ƙarami cikin shahidan Uganda na 1886, da Carlo Acutis da ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15.

Saura Baba Katikis. Kada ki raina damuwarsa. A ƙauyukan Malumfashi da Kafur da makamantansu, inda Fada kan daɗe bai zo ba, irinsu ne suka riƙe coci, suka koyar, suka yi jana'iza, suka shirya mutane baftisma, sau da yawa ba tare da wani albashin kirki ba. Fafaroma Francis ma a 2021 ya ɗaga aikin katikis ya zama hidima ta musamman a Coci. Abin da yake tsoro shi ne yara su fara ɗaukar bangaskiya abin ciniki, kowa da ra'ayinsa, su kuma daina ganin girman manya. Tsoro ne mai tushe. Amma tambayar da yaron nan ya kawo ba ke kika sa masa ita ba. A waje aka yi masa, kuma za a ci gaba da yi masa, a filin ƙwallo da TikTok da gidan maƙwabta. Idan bai sami amsa a wurinki ba, zai ɗauka babu amsar ne. Katikisim kansa tambaya da amsa ne. Yesu yana ɗan shekara 12 an same shi a Haikali yana sauraron malamai yana yi musu tambayoyi, kamar yadda Luka 2:46 ta nuna. Maryamu ma ta tambayi mala'ika yadda abin zai yiwu kafin ta ce to. Kuma 1 Bitrus 3:15 ta umurce mu mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Rabin farko na ayar naki ne, rabi na biyu na Baba ne, kuma ba a raba su.

Ki je gidansa ki durƙusa ki gaishe shi. Kada ki je da ayoyi kamar mai zuwa kare kai a kotu. Ki ce, Baba, yara suna kawo tambayoyin da suka fi ƙarfina, ina roƙo ka zo wata Juma'a ka taimake ni. Ki ajiye akwati a aji, yara su rubuta tambayoyinsu ba suna su jefa, ki kai masa tun kafin ranar ya duba. Dattijon da aka mayar mai amsa tambaya ba kasafai yake ci gaba da ƙin tambaya ba. Idan ya ƙi, ki kai maganar wurin Fadan cocinku cikin ladabi, ba a matsayin ƙara ba.

Shi kuma yaron ki ba shi amsa gajeriya wadda zai iya faɗa a cikin minti ɗaya. Allah ne kaɗai mai gafarta zunubi, Fada bawa ne da aka ba hidimar, bisa abin da Yesu ya gaya wa manzanni bayan tashinsa a Yahaya 20:22-23, kuma an haramta wa Fada ya faɗi abin da ya ji ko da ransa zai tafi. Maryamu kuwa ba ma yi mata sujada, sujada ta Allah ce. Roƙonta muke ta yi mana addu'a yadda Kirista ke roƙon ɗan'uwansa, muna tuna yadda ta kai kukan masu biki wurin ɗanta a Kana. Ki sa yara su gwada wannan biyu-biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, ki koya musu cewa idan aboki bai gamsu ba sai a ce haka muka gaskata, a ci gaba da abota. Ki koya musu kuma cewa ban sani ba, zan tambayo, amsa ce mai mutunci.

Shugabarki ba ta ƙi ki ba. Makaranta take karewa, kuma ƙorafin uba ɗaya yana iya zama na iyaye goma. Ki kai mata shiri a shafi ɗaya: ƙa'idojin ƙungiya, batutuwan zango, sunan malamin da zai taya ki. Mai mulki ya fi yarda da abin da ya gani a rubuce. Idan kina neman abin da zai ƙarfafa ki, ki tuna cewa tun da aka cire dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop ke kula da shi, daga ta Sakkwato a 2023, bishop ɗinta na farko, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne da ya karanci ilimin sadarwa ya kuma koyar da shi a Fatakwal. Haɗa bangaskiya da iya magana ba baƙon abu ba ne a cocin da kike ciki.

Ki ba wannan tsarin zango ɗaya. Idan shugaba ta ƙi haɗa ki da wani malami, ko kika ga ayyukan uku sun fi ƙarfinki, to ƙungiyar muhawara ce za ki miƙa wa malamin Turanci, a rubuce kuma cikin girma, ki riƙe CRS da katikisim ki ci gaba da sa yara magana a cikinsu. In kuma makaranta ta hana ko wannan, ki yi magana da Fada ki buɗe ajin karatu da jawabi ga 'yan CYON, ƙungiyar matasan Katolika, a coci ranar Asabar, da sanin iyayensu. Allah ya ba ki hikima, ya kuma sanyaya zuciyar kowa.